Hannun da Ya Iya da Shurin Libarba

Kafin harsashi ya bar bakin libarba, bindigar ta riga ta fara motsi. Tsakanin tashin albarushi da fitar harsashi bai fi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ba, amma a wannan ɗan tsakani bindigar kan ja da baya milimita biyu ko uku, kuma da yake bututun yana saman hannu ne, sai bakin ya fara ɗagawa. Maƙera sun san da haka, shi ya sa suke yin tsinin saiti na gaba da ɗan tsayi. Maharbi na ganin ya auna daidai, alhali bututun yana kallon ƙasa da wurin kaɗan, shurin ne zai ɗaga shi ya kai inda ake so. Wato an sa shurin cikin lissafin saiti tun daga maƙera.

Duk gwanintar farauta da babbar libarba daga nan ta faro. Idan maharbi ya matse mariƙi fiye da yadda ya saba, harsashi ya sauka ƙasa. Idan ya sassauta, ya tafi sama. Harsashi mai nauyi da ke tafiya a hankali yakan bugi sama da inda mara nauyi mai gudu zai buga a matsakaicin nisa, domin ya fi daɗewa cikin bututun da ke ɗagawa. Bambancin da ido ba zai gani ba a bakin bindiga, a nisan mita 50 ya zama taƙi guda, a mita 100 kuwa ya isa ya raba harbin da ya huda huhu da wanda ya karya ƙafa ya bar dabba tana ja cikin daji.

Wannan sana'a ta Amurkawa ce, can ta girma, can take da gwanayenta. A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, don haka mu da ita sai labari. A Amurka kuwa jihohi da yawa sun yarda a yi farautar barewa da ƙaramar bindiga. Akwai masu bin aladun daji a Texas, masu bin beya da babbar barewar nan elk a duwatsun Idaho da Wyoming da Montana, akwai kuma mutanen Alaska da ke rataya libarba a ƙirji saboda gudun gamo da beya a bakin rafi. Duk mai farauta da libarba yana da halin sayen doguwar bindiga, wadda ta fi ta ƙarfi da nisa da sauƙin saiti. Da gangan ya zaɓi mai wuyar.

Mutumin da ba a maganar nan sai an ambace shi shi ne Elmer Keith, makiyayin shanu kuma marubuci da ya zauna a garin Salmon na jihar Idaho, ya rayu daga 1899 zuwa 1984. Tun yana saurayi yake ɗura harsasansa da hannu, har ya taɓa fasa wata tsohuwar Colt saboda cika mata ciki. Daga nan ya koma kan .44 Special, wadda bangon gangarta ya fi kauri, ya shafe kusan shekara talatin yana matsa wa kamfanoni su fito da harsashi mai nauyin giram 16 da zai yi gudun mita 360 ko fiye a daƙiƙa. A ƙarshen 1955 Remington da Smith & Wesson suka amsa masa da .44 Magnum, Ruger ma ta fito da tata bindigar a 1956. Kafin wannan, .357 Magnum ta 1935 ce sarauniya, wadda Douglas Wesson ya zagaya da ita yana harbin manyan namun daji don ya tallata ta. Sai fim ɗin Dirty Harry na 1971 ya zo ya jefa .44 Magnum a bakin duniya. Aka yi ta rububin sayen Model 29, libarbar da aka gani a fim ɗin, kuma masu shagunan bindiga na wancan zamani sun daɗe suna ba da labarin yadda ake dawo musu da ita tare da kwalin harsashi da ba a taɓa fiye da shida a ciki ba. Mai saye ya ji shuri, ya gane jarumin fim ɗin, Clint Eastwood, harsashin wasa yake harbawa.

A yau wannan .44 ɗin ita ce ƙaramar cikin manya. Dick Casull ya fara gwajin .454 tun shekarun 1950, sai a 1983 kamfanin Freedom Arms na Wyoming ya ƙera mata bindigar da za ta ɗauke ta. John Linebaugh, wani maƙeri na kusa da garin Cody, ya fito da .500 Linebaugh a 1986 da .475 a 1988. Smith & Wesson ta kawo .500 Magnum a 2003 da .460 a 2005, Ruger da Hornady kuma suka yi .480. Kowacce da irin nata shuri, kuma a nan ne lambobin da ke jikin kwali suke yaudarar mai saye.

Lissafin farko mai sauƙi ne. Ƙarfin da ya tura harsashi da hayaƙi gaba, shi ne ya turo bindiga baya, kuma nauyin bindiga ne ke shanye shi. Model 29 mai bututun inci shida da rabi tana da nauyin kilo ɗaya da giram 350 ko kusa da haka. Idan ta harba harsashin giram 15 da rabi a gudun mita 420, takan dawo cikin hannu da saurin mita biyar da ɗoriya a daƙiƙa. Ɗauki wannan harsashi ka sa shi cikin 329PD, wadda aka ƙera da ƙarfe mara nauyi don masu yawon duwatsu, nauyinta bai fi giram 720 ba. Saurin dawowarta ya kusan ninkawa, ƙarfin bugun ma haka. Ashe .44 a bindiga mara nauyi tana dukan hannu kusan daidai da .454 Casull a cikin Super Redhawk ta Ruger mai kilo ɗaya da rabi. Abin da ya fi ban mamaki, babbar .500 mai kilo biyu, duk da ƙarfin shurinta ya ninka na .44 ta gargajiya wajen sau uku, ba ta kai wannan 'yar ƙaramar saurin faɗowa cikin tafin hannu ba. Mutane da yawa da suka harba duka biyun sun ce gara su wuni da babbar.

Lissafi na biyu jiki ne ke yin sa. Matsin da ke cikin kwanson .44 Magnum an ƙayyade shi a fam 36,000 kan kowane murabba'in inci, na .454 da .460 kuwa 65,000, matsin da aka saba gani a manyan dogayen bindigogi. Saboda haka .454 takan zo da sauri da kaifi, ta murɗe wuyan hannu kafin mutum ya ankara. Su .480 da .475 da aka ɗura musu harsashin giram 26 ko 27 a gudun mita 360 zuwa 400 sukan zo da nauyi amma a shimfiɗe. Ta farkon naushin ɗan dambe ce, ta biyun turin ɗan kokawa. Jiki yana iya shirya wa turi, ya bi shi, ya sauke shi a kafaɗa. Naushi kuwa yakan bar tsoro a jijiya, kuma tsoron nan ne ke ɓata harbi na gaba.

Wannan shi ne abin da Linebaugh ya rayu yana koyarwa har rasuwarsa a 2023, kuma a ganina shi ya fi kowa gane libarba bayan Keith. Ra'ayinsa shi ne kada a nemi mayar da ita doguwar bindiga ta hanyar gudu. A ba ta harsashin dalma mai tauri, mai nauyi, mai faɗin goshi, a tura shi a matsakaicin gudu, zai huda ya wuce. A tarukan da yake shiryawa akan jera jiƙaƙƙun jaridu da ƙasusuwan shanu a harba, a auna zurfin da kowane harsashi ya shiga, kuma sau da yawa ƙarin gudu bai ƙara zurfi yadda ake zato ba, sai dai ya ƙara ƙara da zafi a hannu. Ross Seyfried, wanda ya ci gasar duniya ta harbin fistol a 1981, ya je Afirka ya kashe ɓauna da libarba .45 Colt da Linebaugh ya ƙera masa, harsashin da aka fito da shi tun 1873 amma aka ɗura shi da ƙarfi cikin bindiga mai kaurin ganga.

Ita .460 wata halitta ce daban. Tana jefa harsashin giram 13 a gudun da ya kusa mita 700, ya tafi a miƙe har mita 150 ko 200 idan an ɗora madubin hange. Nauyinta da ramukan da aka huda a bakin bututu don hayaƙi ya fita sama sun rage mata ɗagawa ƙwarai. Kuɗin da ake biya shi ne ƙara da bugun iska a fuska. Wanda ke tsaye a gefe yakan ji shi har cikin haƙora. Kuma da zarar bindiga ta kai kilo biyu da madubi a kanta, sai an nemi abin ɗora ta, an rataya ta da maɗauri, har mutum ya fara tambayar kansa me ya raba ta da doguwar bindigar da ya bari a gida.

Sai maganar mariƙi, wadda gwanaye ke iya kwana suna gardama a kanta. Tsohuwar ƙirar Colt, wadda ake ɗana ta da babban yatsa kafin kowane harbi, mariƙinta a lanƙwashe yake kamar ƙotar garma, kuma an yi shi santsi da gangan. Idan ta tashi, sai ta mirgina cikin tafin hannu, baki ya kalli sama, wani kaso na ƙarfin ya tafi a wannan juyawar. Da .45 Colt ta da ko .44 mai sauƙi abin yana da daɗi. Da ƙarfi ya ƙaru sai mirginawar ta wuce kima, ƙarfen da ya kewaye kunama ya daki gaɓar yatsan tsakiya, har ya fasa fata. Masu Super Blackhawk, wadda Ruger ta fito da ita a 1959, sun san wannan ciwo. Ƙirar Smith & Wesson da Redhawk ta Ruger kuwa tana da ɗan tudu a bayan mariƙi wanda ke hana mirginawa, sai ta turo komai kai tsaye cikin naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni, daga nan ya wuce wuyan hannu. Shi ya sa ake sa musu mariƙin roba. Tsakanin biyun akwai ƙirar Bisley, wadda Colt ta fara a 1894 ta sa mata sunan filin gasar harbi na Ingila, Ruger kuma ta sake fasalinta a shekarun 1980. Mariƙinta ya fi tsayi, ya fi miƙewa, yana ɗan juyawa yana ɗan turowa. A kanta Linebaugh da sauran maƙeran manyan libarba suka fi gina bindigoginsu. Amma hannu ba ɗaya ba ne. Mai kaurin yatsu na iya shan duka a Bisley ya sami lafiya a Freedom Arms, wani kuma akasin haka, kuma babu wanda zai iya gaya maka naka sai ka riƙa ka harba.

Kallon gwani yana harba .475 abin sha'awa ne, domin ba ka ganin kokawa. Yakan tsaya ya ɗan karkato gaba, ya riƙe da hannu biyu riƙo mai ƙarfi amma wanda bai kai ga karkarwa ba. Wuyan hannu a ƙulle, gwiwar hannu a ɗan sake. Bindiga ta tashi, hannayen duka biyu su ɗaga tare da ita daga gwiwa da kafaɗa har ta wuce saitin goshi, su dawo a hankali inda suka fara. Bai hana ta tashi ba, bai kuma bar ta ta yi yadda ta ga dama ba. Sabon shiga yakan yi ɗayan biyu: ya sandare gwiwa ƙarfin ya ƙare a gaɓoɓinsa, ko ya sake gaba ɗaya bututu ya same shi a ka. Abin da gwanin ya mallaka shi ne riƙo iri ɗaya, tsayin hannu a kan mariƙi iri ɗaya, matsin kowane yatsa iri ɗaya, yau da gobe, da sanyi da gumi.

Babban abokin gaba shi ne zabura. Jiki ya san duka na zuwa, sai ya riga shi: ido ya ƙifta, hannu ya danna ƙasa, yatsa ya fizgi kunama, duka a cikin ɗan lokacin da ya rage kafin harsashi ya fita. Mai yi ba ya sanin yana yi, domin shurin gaske yana zuwa ya rufe laifin. Hanyar kama shi tsohuwa ce kuma ba ta da tausayi. Aboki ya ɗura gangar, ya bar rami ɗaya ko biyu da kwanson da aka riga aka harba, ya miƙo ba tare da ya faɗi inda suke ba. Idan guduma ta faɗa kan kwanso mara komai, babu ƙara babu shuri, sai ka ga bakin bindiga ya yi sujada shi kaɗai. Manya masu gemu sun sha kunya a wannan gwaji.

Maganinsa haƙuri ne. Ana jan kunama sannu a hankali, matsi yana ƙaruwa, ido na kan tsinin gaba, har bindiga ta tashi ba tare da an zaɓar mata lokaci ba. Ana kuma horar da ido ya zauna a buɗe, ta yadda maharbi zai iya faɗin inda tsinin yake a daidai lokacin tashin, ya ce wannan ya tafi hagu kaɗan tun bai duba takarda ba. Yawancin wannan horo ba da babban harsashi ake yin sa ba. Ana yin sa da bindiga wayam a ɗaki, bayan an duba an sake dubawa, da kuma 'yar .22 wadda ba ta da shuri. Manyan ma suna da ƙanne: .44 Magnum tana cin .44 Special, .454 tana cin .45 Colt, .460 tana cin .454 da .45 Colt duka. Gwani yakan harba masu sauƙin da yawa, masu zafin 'yan kaɗan, ya tsaya tun hannu bai gaji ba. Wanda ya zauna ya ƙarar da kwali biyu na .500 a zama ɗaya don a ce masa namiji, zabura yake koya wa jikinsa, kuma cire ta ya fi shigar da ita wuya. Tsofaffin maharba da dama sun ƙare da ciwon wuyan hannu da gwiwa na dindindin.

Akwai kuma haɗurran da sai na ciki ya sani. Tsakanin ganga da bututu akwai 'yar tazara da ba ta kai kaurin farce ba, inda wuta ke fita ta gefe. A .460 wannan wuta ta isa ta yanke naman yatsa, don haka hannun tallafi ba ya wuce gaban ganga ko kusa. A .500 an sha ganin sabon shiga ya yi harbi biyu a jere ba da niyya ba, domin shurin ya sa yatsa ya saki kunama ya sake ja alhali baki na kallon sama, abin da ya sa masu koyarwa ke ɗura wa baƙo harsashi ɗaya tak. Idan kuma bakin kwanso bai kama harsashi da kyau ba, shuri kan zaro sauran harsasan da ke cikin ganga kaɗan-kaɗan har ɗaya ya leƙo ya hana ta juyawa, kuma ba a son gano haka a gaban beya. Ƙarar kuwa ta haura ma'aunin desibel 160, harbi ɗaya ba toshiya yana iya barin ƙugi a kunne har abada. Mafarautan yanzu sukan sa na'urar kunne mai ƙara musu jin motsin ganye ta kuma datse ƙarar harbi.

A daji babu tebur. Maharbi yakan nemi abin jingina: sanduna biyu da aka gicciye, jakar baya, kututture. Nan ma dokar riƙo iri ɗaya tana aiki. Idan gindin mariƙi ya zauna kan dutse ko katako, bindiga za ta yi tsalle daban da yadda ta saba, harsashi ya tafi wani wuri. Sai a ɗora wuyan hannu ko gaban bindigar kan abu mai laushi, a bar mariƙi ya yi tafiyarsa. Keith yana da zaman da ya shahara da shi: ya jingina baya da itace, ya ɗaga gwiwoyi, ya sa hannaye tsakaninsu, ganga a gaban gwiwa don kada wuta ta ƙona wando. Masu gasar harbin gumakan ƙarfe, wasan da ya samo asali daga Meziko, sun nuna iyakar abin da libarba za ta iya, suna kayar da kaza a mita 50, alade a 100, talotalo a 150, rago a 200. Amma ragon ƙarfe ba ya jin ciwo, kuma ba ya ɗaga kai ya shaƙi iska.

Saboda haka mafarauci na kirki yana da nasa ma'auni. Yakan kafa farantin takarda mai faɗin taƙi, girman huhun barewa ke nan, ya yi ta ja da baya. Nisan da ya daina sa duk harsasansa cikin farantin, daga irin zaman da zai yi a daji ba daga tebur ba, nan ne iyakarsa. Ga yawancin mutane abin yakan tsaya tsakanin mita 40 da 75. Keith ya rubuta cewa ya taɓa samun barewa a yadi 600 da .44, wadda wani ya riga ya raunata da doguwar bindiga, kuma har yau ana gardamar labarin. Babu mai hankalin da ya mayar da shi abin koyi. Idan dabba ta wuce iyaka, ko dai a lallaɓa a matso, ana lura da iska ana taka ƙasa a hankali, ko a bar ta ta tafi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan aka bi wannan ma'auni na faranti, sakamakon yakan ba masu son babbar lamba haushi. Mutum ɗaya zai iya cika faranti a mita 70 da .44 Magnum, a mita 50 da .480, ya kasa a mita 30 da .454 saboda ido ya fara ƙiftawa. A wurinsa .44 ce mai dogon zango, ko me kwali ya ce. Barewar Amurka ba ta cika wuce kilo 100 ba, kuma harsashin dalma na giram 16 zuwa 19 daga .44 yana shiga ta wannan kafaɗa ya fita ta waccan. Hatta .41 Magnum ta 1964, wadda kasuwa ba ta taɓa yi wa adalci ba, ta ishi wannan aiki da shurin da ya fi sauƙi. Manyan suna da ranarsu a gaban ɓauna da beyan Alaska, inda ake buƙatar harsashi ya ratsa ƙashi mai kauri da tsoka mai zurfi, kuma waɗanda suka isa su kai su can sukan shafe shekaru suna hawa daga .22 zuwa .357 zuwa .44 kafin su taɓa .475.